Fangali Na Biyu

A duk faɗin fadamar da ke tsakanin Wurno da Goronyo, in ana maganar irin albasa, sunan Alhaji Halilu ake fara kira. Ba don nasa ya fi araha ba, Allah ya sani bai fi ba. Abin da ya sa manoma ke tako ƙafa tun daga Rabah da Giyawa su zo wurinsa shi ne bai taɓa sayar wa kowa irin da bai gwada da hannunsa ba. In aka kawo masa sabon iri, komai yabon da aka haɗo shi da shi, sai ya ja fangali biyu gefe da gefe a garkarsa, wato lambunsa na noman rani, ya zuba sabon a ɗaya, wanda ya sani a ɗaya, ya ba su taki ɗaya da ruwa ɗaya, ya zuba ido har albasa ta nuna. Kuma kullum sabon irin a fangalin bakin shinge yake sa shi, inda awaki ke leƙe, don ko ya lalace asarar ba ta taka kara ta karya ba. Wannan hali ne ya ɗaukaka shi, yana kuma taƙama da shi fiye da kima.

Abu ɗaya ne ya gagari Halilu, shi ne jikinsa. Tun da ya haura arba'in ƙiba ta sauka masa, ta kuma gyara zama. Da farko daɗi ya ji, don a garinsu tumbi shaidar wadata ne. Daga baya abin ya wuce wadata. 'Yan kabu-kabu in sun hango shi tafe, sai kowa ya duƙa yana duba tayar babur ɗinsa. Gwiwoyinsa suka fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Abin da ya fi ci masa rai kuwa shi ne farar kujerar roba da aka ajiye masa a ƙarshen sahu a masallaci, don sujada ta gagare shi. Dattijan da suka haife shi suna kai goshi ƙasa, shi yana zaune yana ɗan rusunawa, kunya kamar ta kashe shi. Wani likita a Sakkwato ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye cewa ciwon sukari ya fara leƙo shi, in bai rage jiki ba kuwa zai shigo gaba ɗaya. Ya sha ruwan tsamiya, ya sha lemon tsami da ruwan zafi, ya sha wani jiƙo mai ɗaci da aka kawo masa daga Maikujera wanda ya hana shi nisa da makewayi, amma tumbin nan ko gezau.

Mutum ɗaya ne ke iya taɓa maganar ƙibar Halilu ya kwana lafiya, wato Mode. Mode ɗan gwaggonsa ne, taubashinsa, kuma sa'arsa, don a damina ɗaya aka haife su. Tsakanin taubasai ba a jin haushin magana, su kuwa sun ɗauki wannan dama sun mai da ita sana'a. Mode bai taɓa gaishe shi ba sai da tsiya. Da Halilu ya dawo daga Makka kowa ya koma ce masa Alhaji, ban da Mode, wanda ya ce shi bai ga abin da ya ƙaru ba sai haƙorin gwal da wani sabon ninki a wuya. Shi ma Moden ba baya ba ne wajen jiki, sai dai shi bai ɗauki abin da zafi ba. Yakan ce kyautar Allah ce, gwiwa ce kawai ke damunsa.

Garkokinsu shinge ɗaya ya raba su. Kullum da azahar a ƙarƙashin dogon yaro guda suke zama, a haɗa abin da ya fito daga gidan wannan da na wancan, su sa hannu a kwano ɗaya. Halilu yana da abokan ciniki ba iyaka, yana da masu fadanci, amma aboki ɗaya gare shi a duniya, ya kuma san da haka ko da bai taɓa faɗa ba.

Bayan an gama dashen albasa, Mujaheed, ɗan ƙanwar Halilu da ke aiki a Abuja, ya zo gida wani biki. Da ya shigo gaisuwa sai da kawun nasa ya sake dubansa, don yaron da ya sani da kumatu kamar an hura ya dawo rabinsa. Halilu ya daure har mutane suka watse, sannan ya ja shi gefe ya tambaye shi ko lafiya. Mujaheed ya yi dariya, ya buɗe jaka ya fito da wasu 'yan kwalabe biyu, kowace ba ta wuce gaɓar yatsa ba, da ɗan farin gari a gindinta. Ɗaya murfinta shuɗi ne, ɗaya ja.

Ya yi masa bayani daki-daki. Ya ce Turawa na kiran irin waɗannan magunguna feftayid, kalmar da Halilu bai taɓa iya maimaitawa ba. Ana jiƙa garin da wani ruwa na musamman, a yi allura a fatar ciki sau ɗaya a mako, sai mutum ya ji abinci ya fita ransa. Mai shuɗin murfi ita ya yi amfani da ita. A cewarsa wurare biyu take taɓawa cikin abubuwan da ke tayar da yunwa a jiki, an daɗe ana gwajinta, aikinta a hankali ne, ba ta wuce ɗan tashin zuciya. Mai jan murfi kuwa sabuwa ce, wurare uku take kamawa, masu rubutu a waya suna ta kurantawa wai ta fi kowace narkar da kitse, amma shi bai san ko mutum ɗaya da ya yi ta ba. Sayenta dai ya yi, ya kuma ji tsoronta.

“Kawu, gaskiya za ni hwaɗa maka,” in ji Mujaheed. “Dut su biyun ba a ƙare gwajinsu ba. Ta waya nis saye su, kuma abin da anka rubuta jikinsu na bincike na, ba na mutane ba. In za ka yi, ɗauki guda, ka nuna ma likita tukuna. Jag ga kuwa, ko kusa kak ka yi mata awon shuɗiyar, ta hi ta ƙarhi nesa ba kusa ba.”

Halilu ya ce ya ji. Ya karɓi kwalaben biyu da ruwan haɗin da ƙananan allurai, ya sa yaron ya nuna masa yadda ake yi, ya sa masa albarka. Maganar likita kuwa tun kafin Mujaheed ya kai Achida ta bi ruwa. Ya je ya ce wa likita me? Cewa shi, Alhaji Halilu, da gemunsa, yana neman maganin rama kamar budurwar birni?

Ya kai kwalaben bukkar garka ya binne su a cikin jiƙaƙƙen yashin da ke gindin randa, don an ce sanyi suke so. Sai dai ya kasa zaɓa. Duk abin da aka rubuta a waya, a wurinsa surutun dillalan iri ne, ya sha jin irinsa. Kowane dillali nasa ne ya fi girman kai, nasa ne ya fi jimirin ajiya a rudu, rumbun adana albasa. Shi abin da ya sani shi ne a gwada a gani. Amma gwaji fangali biyu yake so, shi kuwa jiki ɗaya gare shi.

Washegari da azahar suna cin dambu, Mode na ba shi labarin wani jaki da ya ƙi tashi da ya gan su tafe su biyu, Halilu ya tsaya yana kallonsa. Shekarunsu ɗaya. Girman jikinsu ɗaya. Abincinsu daga kwano ɗaya, ruwansu daga randa ɗaya, aikinsu iri ɗaya, hatta jininsu ɗaya ne. Tunanin ya zo masa, ya kore shi da a'uziyya, ya sake dawowa ya zauna. Kafin su wanke hannu har ya gama shirya wa kansa hujja: ai taimakon Mode zai yi, tunda in jiki ya ragu gwiwa za ta huta.

Ya ce masa Mujaheed ya kawo masa wata allurar ciwon gwiwa mai kyau, shi ma ita zai fara, ta kuma ishe su su biyu. Ya roƙe shi kada ya gaya wa kowa, ko da Khadijatu matarsa, don mutanen gari ba su da aiki sai tsegumi. Mode ya ce in dai kyauta ce daga hannun Halilu, to lallai a rubuta ranar, ya ɗage riga yana dariya. Bai tambayi sunan magani ba, bai ce a nuna masa kwalba ba.

Halilu ya shiga bukka shi kaɗai ya tono kwalaben. Wacce zai ba wa, wacce zai riƙe? Da ma ya tsaya ya yi dogon tunani ne, da da sauƙi. Ko ɗar bai yi ba. Hannunsa ya yi abin da ya saba yi shekara da shekaru, ya ware wa kansa mai shuɗin murfi da aka sani, ya zuƙo wa Mode mai jan murfi. Da ya zo awo ya tuna gargaɗin Mujaheed, ya ture shi. In ka ba wannan fangali ruwa kaɗan ka ba wancan da yawa, ai ba gwaji ka yi ba, wasa ka yi. Ya cika alluran biyu daidai wa daida, ya fito da su a hannu, ba mai iya bambanta su.

Haka suka riƙa yi kowace Juma'a da hantsi. Da farko abin har ban dariya ya ba su. Mutanen da ke suɗe kwano har ya yi ƙyalli suka koma mai da rabin tuwo gida. Halilu yana jin ɗan tashin zuciya, yana kuma jin rigunansa sun ɗan saki, amma idonsa na kan Mode. Kullum sai ya faki ido ya duba wuyansa, ya duba yadda yake ƙara ɗaure mazagin wando. Mode na zubewa da sauri, ninki biyu na abin da Halilu ke zubarwa. Kuma ga abin kunyar da Halilu ba zai iya faɗa wa kowa ba: haushi ya ji. Ya riƙa cizon yatsa wai ya ba da iri mai kyau ya riƙe na banza, har yana lissafin yadda zai sa Mujaheed ya aiko masa da wata jar.

Sanyi ya ja da baya, rana ta fara cizo. Sai Mode ya fara tashi daga gindin dogon yaro ya zaga bayan shinge, ya dawo yana share baki. Tun yana iya cin loma biyu har ya koma fura kawai, daga baya furar ma ba ta zama. Idanunsa suka faɗa, fatarsa ta yi yaushi kamar ganyen albasar da ta kwana biyu ba ruwa. Duk da haka bai bar aiki ba, bai kuma bar tsiya ba. Ya ce wa Halilu in shi Mode ya riga shi mutuwa, to ya bar masa wasiyyar manyan wandunansa, don Halilun kaɗai za su yi wa daidai a ƙasar Wurno.

Wata rana Khadijatu da kanta ta kawo abinci garka, abin da ba ta saba ba. Ta tarar Mode ya kishingiɗa barci ya ɗauke shi. Ta durƙusa daga nesa ta gaida Halilu, ta yi ƙasa da murya. Ta ce 'yan'uwan Malam, wato Mode, sun fara magana, wasu na cewa ba ta kula da cikinsa, wasu na faɗin abin da ya fi haka muni, ita kuwa ta rasa inda za ta sa kanta. Ta dafa duk abin da ya fi so, ko kallo bai ishe shi ba.

“Alhaji, kai ka cin abinci da shi kullum,” in ji ta. “Don Allah, akwai abin da shika ci ko shika sha wanda ban sani ba?”

Halilu ya dubi ƙasa. Ya ce shi dai bai ga yana ci ko shan wani abu ba, wataƙila ciwon shawara ne, a nemo masa saiwa. Ya ma ji daɗin yadda ta jera tambayar, don allura ba ci ba ce ba sha ba ce. Da ta juya ta tafi tana share ido da bakin mayafi, ya ji ya tsani kansa tun daga hula har takalmi.

Ya ƙudura ba zai ƙara ba. Amma da Juma'a ta zagayo, Mode da kansa ya zo bakin bukka ya ɗage riga, ya ce gwiwarsa kam ta yi sauƙi, ba ƙarya. Halilu ya yi ta inda-inda, ya ce ko za su ɗan huta tukuna, ganin yadda cikinsa ke yi. Mode ya ce wane irin zance ne wannan, ai da allurar ce da shi ma Halilu yana nan yana amai, tunda abu ɗaya suke yi. Nan fa aka zo wurin. In ya ƙi, sai ya faɗi dalili, in ya faɗi dalili, sai ya faɗi cewa kwalba biyu ce. Halilu ya auna kunyar faɗa, ya ga ta fi ƙarfinsa. Ya shiga bukka ya zuƙo, ya fito ya yi masa.

Ba a kai wata Juma'ar ba. Rana tsaka, Mode ya duƙa zai tayar da injin ban-ruwa, sai ya kife a bakin rijiya yana riƙe da ciki. Manoman kusa suka yo ca, aka ciccibe shi zuwa bakin hanya, wani ya ruga neman mota, wani ya ruga kiran Khadijatu. Ana cikin wannan hayaniya Halilu ya sulale ya shiga bukka, ya tono kwalaben ya zura a aljihun gaba. Niyyarsa ya wurga su a daji in sun fita gari. Sai dai a motar shi aka ɗora wa kan Mode a cinya, Khadijatu na gefe tana salati, babu halin sa hannu a aljihu. Suka wuce Achida, suka shiga Sakkwato, kwalaben nan na ƙirjinsa suna ɗan ƙara duk lokacin da mota ta faɗa rami.

A asibiti aka sa wa Mode ƙarin ruwa, aka ɗebi jini. Bayan la'asar ya farfaɗo har yana gane mutane. Likitar da ke dubansa, wata mace mai suna Mas'uda, ta zo da sakamako. Ta ce jikinsa ya bushe ƙwarai saboda amai da rashin ci, har abin ya taɓa ƙodarsa, sannan akwai kumburi a cikinsa da ba ta gane mafarinsa ba. Ta ɗage rigarsa za ta danna cikin, sai ta tsaya. Ta nuna wasu 'yan ɗige-ɗige a gefen cibiya, ta tambaya wa ke yi masa allura a nan.

Khadijatu ta ɗago kai. Halilu ya dafe aljihunsa. Mode ya dube shi sau ɗaya, ya kau da ido.

“Ni ka yi ma kaina,” in ji Mode da 'yar muryarsa. “Wurin wani mai talla nis saye ta, kasuwar Achida. Ta gwiwa ta. Ban san sunanta ba, kwalbar kuma na yas.”

Likita ta dube shi. Ta ce ba faɗa za ta yi masa ba, amma ya sani in ba ta san abin da ya shiga jikinsa ba, da yawansa, da ranar da aka yi na ƙarshe, to lalube za ta yi ta yi a duhu, ƙoda kuwa ba ta jiran lalube. Mode ya ce Allah ya ba ta haƙuri, iyakar abin da ya sani ke nan. Ta rufe masa ciki, ta juya za ta wuce gado na gaba.

Halilu yana tsaye, tafin hannunsa a kan aljihu. Mutumin da ya kusa kashewa ne kwance yana shirga ƙarya don ya rufa masa asiri. Da Mode ya nuna shi da yatsa ne, da ya fi masa sauƙi. Ya buɗe baki sau biyu ba abin da ya fito.

“Likita,” ya ce a na ukun. “Ba mai talla ba na. Ni na. Ga ta nan.”

Ya lalubo mai jan murfi ita kaɗai ya miƙa mata. Khadijatu ta dafe ƙirji ta ja da baya har ta jingina da bango. Likita ta kai kwalbar kusa da ido tana karanta rubutun, fuskarta ta canza. Ta ce wannan ba maganin gwiwa ba ne, maganin rage ƙiba ne da ba a gama gwajinsa ba, ba a ma yarda a sayar wa mutane ba, kuma irin wanda ake saye ta waya ba wanda zai rantse a kan abin da ke ciki. Ta tambayi awon da yake yi. Da ya nuna mata a jikin allura, sai ta dube shi kawai ta girgiza kai.

Ko a nan Mode bai daina kare shi ba. Ya yunƙura ya ɗaga kai daga matashi.

“Likita, kak ki ga laihinai. Taimako na yay yi niyya. Kuma ba allurag ga ta ba, don shi ma ita shika yi, rana guda, awo guda, ga shi nan garas.”

Likita ta juyo wurin Halilu. “Haka na, Alhaji? Wagga kaka yi?”

Kalma ɗaya ce za ta fitar da shi, kuma ba wanda zai taɓa ganewa. Amma likitar na tsaye tana jiran amsar da za ta yi aiki da ita a kan ƙodar Mode, in ya ce e, za ta tafi neman ciwon a wani wuri. Halilu ya sake sa hannu a aljihu ya fito da mai shuɗin murfi. Ya ce wannan ce tasa.

Mode ya dubi kwalbar da ke hannun likita, ya dubi wadda ke hannun Halilu. Shekara da shekaru yana leƙen garkar nan ta saman shinge, ba ya bukatar a yi masa bayani.

“Ashe biyu na,” ya ce a hankali. “Wacce as sabuwa, Halilu?”

Halilu ya ɗaga yatsa ya nuna ta hannun likita.

Mode ya jinjina kai kamar wanda aka gaya wa farashin taki. Ya mai da kansa kan matashi, ya juya fuska wajen bango. Likita ta karɓi lambar Mujaheed ta fita tana kiransa. Halilu ya tsaya a gindin gadon da tumbinsa da ya ragu, ya rasa inda zai sa idonsa, har wata ma'aikaciya ta ce masu jinya su rage, ya fita ba wanda ya ce ya tsaya.

Allah ya yi da sauran kwanan Mode. Ya daɗe a asibiti, aka sallame shi da sharaɗin ya bar aikin rana, ya riƙa komawa ana duba ƙodar, don ba ta koma yadda take ba. Garkarsa sai haya ya ba da ita. A gari kuwa ba wanda ya ji komai. Mode ya ce ciwon ciki ne ya kama shi, ya hana Khadijatu buɗe baki, ya kuma tara 'yan'uwansa ya ce duk wanda ya ƙara ambaton sunan matarsa ba shi ba shi. Halilu ya yi ta sauraron ranar da maganar za ta fashe, har yana fatan ta fashe ya huta, shiru.

Shi ma ya bar allurar tun ranar, amma abin da ya zube ya isa ya kai goshinsa ƙasa. Mutane suka yi ta yi masa barka a ƙofar masallaci, suna tambayarsa sirrin. Kowace barka sai ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi, ya ce ikon Allah ne, ya yi sauri ya sa takalmi.

Ya daɗe yana kai gwauro yana kai mari kafin ya iya zuwa gidan Mode. Ya tafi da yamma, ya shirya a zage shi tas. Ya ma tanadi zagin da kansa, ya san waɗanda suka dace da shi, ya san kuma ba wanda ya iya jera su kamar Mode. In ya samu wannan, ya san akwai sauran gyara.

Ya tarar da shi zaune a zaure, ya rame, rigarsa na reto a kafaɗa. Da Mode ya gan shi sai ya dafa bango ya miƙe tsaye. Ya kakkaɓe tabarma mai kyau ya shimfiɗa masa, shi ya koma kan tsohuwar. Ya gaishe shi da hannu biyu, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi kasuwar iri da labarin ruwan fadama. Halilu na amsawa. Da gaisuwa ta ƙare ya fara abin da ya kawo shi, hawaye na bin gemunsa. Bai kai rabi ba Mode ya ɗaga hannu.

“Wallahi na yahe maka, Alhaji, duniya da lahira. Kak ka ƙara tuna shi.”

Ba gatse a ciki, da gaske yake, shi ya sa abin ya fi ciwo. Halilu ya zauna yana jiran ko kalma ɗaya ta tsiya, ko a kan hawayen, ko a kan rigarsa da ta yi masa yawa. Mode ya yi masa zancen zafin bana, da tsadar man inji, ya yi shiru cikin ladabi. Da shirun ya yi tsawo Halilu ya ce zai koma.

Mode ya lalubi takalmansa. Halilu ya ce haba, ya zauna, jikinsa ba ƙwari, yaushe aka fara haka tsakaninsu? Mode ya ce ba komai, ai wajibi ne. Ya rako shi a hankali yana dafa katanga, suka wuce ƙofar gida, suka bi lungu har bakin babbar hanya inda ake sallamar baƙi. Nan ya tsaya ya ba shi hannu.

“Mun gode da ziyara, Alhaji. A gai da mutanen gida.”